Na sayi Mustang, kwana 12 ke nan: in ɗaga ta ko in bar ta yadda take?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi Allah ya cika mani burin da na daɗe da shi, na sayi Ford Mustang GT ƙirar 2019, ja, ta Amurka ce amma fes take kamar yau aka fiddo ta daga kamfani. Injin V8 ne mai lita 5.0, ƙarfin doki 460, giya 10 otomatik. Ni da shekara bakwai Corolla nike ja, ranar farko da na tada ta da asuba a cikin gida wallahi sai da tagogi suka yi kaɗawa, tsohuwarmu ta leƙo tana tambayar wane janareta aka kunna. Zaman cikinta ƙasa-ƙasa ne, kamar kana kan tabarma, ga bonet dogo ya miƙe gabanka ba ka ganin ƙarshenshi. Na bi da ita hanyar Katsina zuwa Daura ranar Asabar, bayan na wuce Mashi na ɗan taɓa totur kaɗan sai na ji ta manna ni da kujera, gabana ya faɗi amma daɗin da na ji ban iya kwatanta shi.

Matsalata ɗaya ce, cikinta ya yi ƙasa da yawa. Duk tudun nan da ake yi bisa kwalta don rage gudu sai ta goga, layinmu kuma ba kwalta, jiya na ji ƙuuu a ƙarƙashin bamba har cikin raina. Wani ya ce in kai a sa mata roba bisa shokozoba a ɗaga ta. Masana mi kuka gani? Sannan wane baƙin mai zan riƙa zuba mata?

Oga Bakanike:
Wa alaikumussalam. Allah ya sa alheri, ya tsare ya kare. Alhaji don Allah kar ka bari kowa ya ɗaga motar nan. Ita ƙasan da ta yi shi ne ke riƙe ta bisa titi in ka shiga kwana da gudu, kana ɗaga ta ka ɓata mata zama, tayoyi su fara cin gefe, sitiyari ya daina jin magana, kuma ka tuna ƙarfinta duk a tayun baya yake ba irin Corolla da ke ja da gaba ba, in ka danna totur bisa rairayi ko bayan ruwan sama gindinta ne zai fara wulƙawa. Maɓallin nan mai hana taya sulɓi kar ka kashe shi ko da wasa.

Tudu kuwa a karkace ake hawanshi, taya ɗaya ta fara hawa sannan ɗayar, a hankali, ko na baya na ta hon ka ƙyale shi. Layinku ka sa a zuba tifa ɗaya ta jar ƙasa a baje, ya fi maka arha bisa ga canza bamba.

Baƙin mai ka duba murfin wurin zubawa, an rubuta lambar a jiki, 5W-20 za ka gani, kuma tana shan wajen lita 9 da rabi, galan ɗaya ba ya isarta. Kar a yaudare ka da mai kauri wai don garinmu da zafi. Lokacin hunturu ka riƙa duba filtar iska saboda ƙura. Kayan gyaranta ba kasafai ake samu nan ba, ko Ƙofar Ruwa a Kano sai an tona, yawanci sai Ladipo a Legas ko a yo oda, don haka filta da takalmin burki ka aje na ko-ta-kwana.

Baban Yara Daura:
Ƙanena ina taya ka murna, amma maganar hanyar Daura da ka yi ita ta tsaya mani. Kullum nike bin hanyar nan. Shanu na tsallakawa, ga 'yan acaba da ke faɗowa titi ba duba, ga yara ranar kasuwa, mota mai irin wanga ƙarfi kafin ka ankara ka kai 160 kai kana jin kamar 80 kake. Na taɓa tsayawa wajen wani haɗari da yamma, takalmin yaro guda na gani bisa kwalta, har yau bai bar idona ba. Ka ji daɗin abinka, halal ɗinka ne, amma ƙafar nan a riƙa ɗaga ta. Kuma jar mota mai ƙara kowa ya san ta, yadda tsaro yake ɗin nan ban ba ka shawarar ka nufi wajen Jibiya ko Batsari da ita ba, dare kuma ya same ka gida.

Maman Ilham:
Masha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya. Ni tambayata mai, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ƙaramar mota yake nema, ya kake fama? Kuma ƙofa biyu ce ko, iyali fa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Oga na fasa ɗagawar, yau da safe na gwada hawa a karkace a tudun bakin layinmu kuma ba ta taɓa ba ko kaɗan, gobe tifa za ta kawo ƙasa in sha Allah. Yaya na ji nasiharka, maganar takalmin nan ta shige ni, na yi alƙawari. Hajiya tankinta wajen lita 60 ne kuma a cikin gari da AC tana sha ba wasa, shi ya sa ban saida Corolla ba, ita ce ta kasuwa da kai yara makaranta. Kujerun baya na nan guda biyu amma babba ba ya sakewa, yara ƙanana dai sun shiga daidai, ƙaramar ma tun jiya take roƙo in kai su Daura da ita su ga rijiyar Kusugu.