Wane suna za mu ba HbA1c da Hausa?

Jama'ar Damagaram, ku kawo ɗauki. Mai ciwon sukarin da ke kama manya, in ya karɓo takardar labo, yakan ga gwaje-gwajen jini HbA1c (na sukari) da LDL (na kitse) da kiretinin (na aikin ƙoda) a jere. Likitoci da Faransanci suna ce musu marqueurs. Mu me za mu ce?

Da yawa sun ce "alamun jini". Ban yarda ba. A bakinmu alama ita ce abin da mutum ke ji a jikinsa: ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama. Lambobin takardar labo kuwa suna iya hawa shekara da shekaru mutum na cin tuwonsa lafiya lau, alhali jijiyoyin zuciya na ta cushewa. Ka ce wa dattijo "Baba, alamarku ta hau", zai ce shi bai ji komai ba, ya ajiye magani. Wannan ne ke damuna.

Wata yayarmu mai aikin labo ta ce "manunin jini". Madalla Yaya, mun karɓa.

HbA1c ɗin kansa, ni "sawun sukari" nake so. Gwajin da ake soka yatsa da safe halin wannan lokacin kaɗai yake faɗa. Daga giram 1,26 na sukari a litar jini kafin a karya, in ya maimaita, ciwon ya tabbata. Mutum na iya ƙaurace wa shayi da fura jajibirin gwaji, lamba ta ɗan sauka. Amma jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa wajen kwana 120, sukarin da ya manne musu ba ya sakinsu. Shi ya sa gwajin HbA1c ke nuna yadda aka kasance wata 2 zuwa 3 baya, kamar sawun raƙumi a rairayi bayan ayari ya wuce. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da 6,5% a matsayin iyakar gane ciwon. Yawancin masu jinya ana so su tsaya ƙasa da 7%.

Wani malamin asibiti ya tuna mana cewa sikila da ƙarancin jini suna iya ɓata wannan sawu, don haka a faɗa wa likita tun kafin a ɗebi jini. Gaskiyarsa, ga su nan da yawa a gidajenmu.

Saura LDL. Ana cewa "mugun kitse", sai siririn mutum ya ɗauka ba da shi ake ba, kuma shi ma yana iya samunsa sama. Na kawo "kitsen toshe jijiya". Ya yi tsawo, wanda ke da gajere ya miƙo.