Alhaji mai hali ko Malam mai amana, wa za mu ba ciyaman ɗin unguwa?

Sakataren Layi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema kafin ranar Lahadi, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe kwamitin unguwa. Unguwarmu sabuwa ce can bayan Tumfure a nan Gombe, gidaje kusan 70, famfo bai iso mu ba, ruwan 'yan kura muke saye. Wata takwas muna karo-karon kuɗin bohol, yanzu akwai miliyan 3 da dubu 200 a banki. Ciyaman ɗinmu an mayar da shi aiki Bajoga, to Lahadi bayan la'asar za a zaɓi wani. Mutum biyu ne. Na farko Alhaji ne ɗan kwangila, shi ya zuba mana tifa biyar ta jar ƙasa a hanya da damina daga aljihunsa, waya ɗaya zai buga kansila ya zo, amma ba ya son tambaya ko kaɗan, in ka ce nawa aka kashe sai ya ce zarginsa kake. Na biyu hedimasta ne mai ritaya, ko naira 50 ya karɓa sai ya rubuta, kowa ya yarda da shi, sai dai sanyi, a mitin sai ya bar kowa ya yi magana har a kira magariba ba a yanke komai ba. Ni ba takara nake ba, sakatare ne, amma matasa sun ce inda na karkata nan za su bi. Kuma Alhajin bappan matata ne. Wa ya dace da aikin nan?

Ɗalibin Ilimi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ina ba ka shawara kada ka nemi shugabanci. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya roƙi mulki, wanda aka ba don ya roƙa za a bar shi da shi, wanda aka ba bai roƙa ba za a taimake shi. Ka janye kawai.

Sakataren Layi: Malam ai na ce ba ni ke nema ba, zaɓa zan yi.

Ɗalibin Ilimi: Afuwan, ban karanta har ƙasa ba. To ma'aunin yana cikin Suratul Ƙasas aya ta 26, mai ƙarfi kuma amintacce. Kuma ka tuna Abu Zarr, duk tsoron Allahnsa da ya nemi a naɗa shi Manzon Allah (SAW) ya ce masa shi mai rauni ne, shugabanci kuma amana ne.

Mai Shayin Bolari: To ai nan gizo ke saƙa Malam, ƙarfin na gida ɗaya amanar na wani gidan.

Mai Kayan Famfo: Ku bar zancen ciyaman tukuna, kuɗinku bai kai ba. Ni sana'ata ce, wannan ɓangaren ruwa na da nisa sosai, haƙa kaɗai zai cinye abin da kuka tara, ba a zo maganar sumo (injin da ke turo ruwa daga cikin ramin) da fayif da tanki da sola ba. Ku nemi miliyan 8 ko 9.

Ɗan Kumo: Haba oga, miliyan 9 ina? Mu mun yi namu da miliyan 2 da rabi har da tankin roba biyu, ruwa na zuba har yau.

Mai Kayan Famfo: Yaushe? In kafin Mayun 2023 ne da aka cire tallafin mai to ka daina kawo wannan lissafin, injin haƙa ba da ruwan sanyi yake aiki ba, kuma ƙasarku daban tasu daban.

Direban Tifa: Wata huɗu da suka wuce wani oganmu ya haƙa a gidansa miliyan 5, a gabana aka biya.

Tsohon Ma'aji: Sakatare ƙanina, tsaya ka ji nawa, don abin da ka rubuta kamar ni ka ke ba labari. A 2019 taransifomar layinmu ta ƙone, muka yi wata huɗu a duhu. Aka kafa kwamiti, aka ba wani mai hali ciyaman don an ce yana da hanya, ni kuma aka ba ni ma'aji saboda shagona na bakin layi kowa na ganina. Kowane gida dubu 15, masu injin niƙa da walda dubu 40. Mu biyu ke sa hannu a banki, ni da shi. Wata rana bayan isha'i ya zo har gida ya ce da asuba zai tafi Kano wajen masu gyara, in sa masa hannu a caki biyu, in ya ji farashi sai ya cike adadin. Wallahi zuciyata ba ta kwanta ba, amma mutumin da ya ba ni rancen jari lokacin da shagona ya karye, ya girme ni nesa, da wane baki zan ce masa a'a? Na sa. Aka dawo da taransifoma aka ɗaura, yara suka yi ta ihun an kawo wuta, sati uku ta sake bugawa. Jama'a suka ce a kawo lissafi, sai ya miƙe a gaban masallaci ya ce shi da ya ƙara da kuɗinsa shi za a tambaya, ga ma'aji nan ku tambaye shi. Ni kuma ba rasit ko ɗaya a hannuna, sai littafin da ke nuna kuɗi sun shigo da takardar banki da ke nuna sun fita da sa hannuna. Wasu matasa suka kai ƙara, ni na kwana a ofishin 'yan sanda, shi ko kiransa ba a yi ba. Na sayar da babur ɗina na biya wani abu don a rufe magana, masu sayen kaya suka ƙaurace wa shagona, abin da ya fi ci min rai 'yata ta dawo daga islamiyya tana kuka wai ana ce mata 'yar ɓarawon taransifoma. Ƙarshe dai tashi na yi na koma haya a Pantami. Kuma ka san wani abu, mai yiwuwa ne bai ci ko sisi ba, mai yiwuwa da gaske ya ƙara nasa, amma tunda ba a isa a tambaye shi ba ni na ɗauki kayan. Kai ne sakatare, kai ne suruki, ran da abu ya ɓaci a kanka zai sauka kuma ka koma gida ka tarar da 'yarsu.

Maman Biyu: Innalillahi, Allah ya saka maka Bappa. Maganar yarinyar nan ta sa ni hawaye.

Direban Tifa: Allah ya kyauta amma gaskiya Hamma laifinka ne, wa ke sa hannu a farar takarda? Ko ubana ne ba zan yi ba.

Tsohon Ma'aji: Faɗa da baki ba wuya. Ran da mai gidanka ya tsaya a kanka ƙarfe tara na dare ka zo ka ba mu labari.

Direban Tifa: Ni ma ina da nawa ai. Kwamitin makarantar islamiyyarmu irin wannan malamin muka ba, mutumin kirki ba a magana, muna tara kuɗin aji biyu buhun siminti bai kai dubu 5 ba, shi kuma kullum a ƙara shawara, a jira wane ya dawo daga tafiya, kada a ɓata wa wane rai, kafin ya gama jin ra'ayin kowa siminti ya haura dubu 9. Kuɗin suna nan cif ba wanda ya taɓa, amma aji ɗaya ma ba su gama ba. Wannan ba asara ba ce? Yara har yau a ƙarƙashin rumfar kwano suke.

Baban Yelwa: Ni daga Bauchi nake, kuma ina jin haushin yadda ake raina malamin makaranta. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa koyarwa ya yi a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, mutum mai sanyin magana, shi ya riƙe ƙasar nan a matsayin Firayim Minista har aka kashe shi a Janairun 1966, kabarinsa na nan cikin gari kowa ya zo ya gani, ku tambayi dattawa ko ya bar wata dukiya. Malam Aminu Kano ma a makarantar nan ya koyar. Sanyin hali ba rauni ba ne.

Mai Shayin Bolari: Mutanen Bauchi kam ko maganar kuɗin kunu ake sai sun kawo Ɓalewa. Tun 1996 muka raba gari da ku Baba, ku bar mu mu haƙa bohol ɗinmu.

Babarbaren Jekadafari: Ku dai ku duba min, cikin su biyun akwai Bafulatani? In akwai kada ku ba shi, zai ce shanu su fara sha kafin mutane.

Ɗan Kumo: Ji bawanmu, in aka ba ku ai da tukunyar turaren wuta za ku auna ruwan.

Injiniya a Abuja: Matsalarku kuna neman mutum ne maimakon tsari. Ku rubuta dokokin ƙungiya, ku yi rajista, mutum uku su riƙa sa hannu, alat ɗin banki ya riƙa shiga wayar mutum biyar, duk ƙarshen wata a manna lissafi a ƙofar masallaci, wa'adi shekara biyu. In kun yi haka ko wa aka zaɓa ba komai.

Direban Tifa: Oga ka yi shekara nawa rabonka da zama a Gombe? Wa zai manna wa Alhaji takarda a bango? Ku na Abuja komai a takarda yake muku sauƙi.

Injiniya a Abuja: A Herwagana aka yanke cibiyata, kuma duk wata ina aika kuɗin unguwa, ina da bakin magana.

Tsohon Ma'aji: Mu ma mutum biyu ke sa hannu ai Injiniya, doka tana rubuce. Kunya ce ta cinye ta. Shi ya sa nake cewa a duba wanda in yaro ya ɗaga hannu ya tambaye shi lissafi fuskarsa ba za ta canza ba. Sayyidina Abubakar ran da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi in ya yi daidai a taimake shi, in ya kauce a daidaita shi. Alhajinku zai iya faɗin haka?

Sakataren Layi: Gaskiya Bappa ba zai faɗa ba. Amma in ya faɗi zaɓe ina tsoron ya zare hannunsa, kuma cikon kuɗin nan a wurin irinsu muke sa rai. Akwai wanda ya taɓa gwada a ba ɗaya ciyaman ɗaya ma'aji?

Maman Biyu: Kafin a amsa maka Sakatare, ina da tambaya. Mitin ɗin nan na bayan la'asar a ina ake yi, ba a ƙofar masallaci ba? Mace nawa ke zuwa? Mu ke sanin jarka nawa gida ke sha, mu ke tura yara neman ruwa su makara makaranta, wasu ma daga kuɗin sana'arsu suka biya karo-karon, amma ran zaɓe ba mai tambayarmu. Uwar adashinmu shekara 6 tana riƙe da mu mata 30, duk Juma'a sai ta karanta littafi a gaban kowa, ko naira ba ta taɓa ɓata ba kuma ba ta jinkirin kwasa.

Adda Mai Ɗinki: Faɗa musu Maman Biyu. Mu 'yan haya ma haka ake mana, a karɓi kuɗinmu daidai da na masu gida, in an zo zaɓe a ce ba mu da ƙuri'a don wai gobe za mu tashi. Ga ruwa jarka 150, ni da yara biyar kura guda ba ta kai mu kwana biyu.

Mai Shayin Bolari: 150 a ina Adda? Mu 100 muke saye.

Adda Mai Ɗinki: Ka zo wajenmu da bazara ka gani, har 250 na saya kuma sai ka bi mai kura kana roƙo.

Ɗan Kumo: Abin da ke ba ni takaici ke nan, ga dam ɗin Dadin Kowa cike da ruwa a kan kogin Gongola, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Gombe, amma sababbin unguwanni kowa na haƙa nasa rami.

Sakataren Layi: Jama'a don Allah a dawo kan maganata, Lahadi jibi ne fa.

Adda Mai Ɗinki: Ka fara gaya mana Sakatare, a cikin gidaje 70 ɗin nan 'yan haya nawa ne, kuma za ku bar su su ɗaga hannu ko a'a?