Neman kalma: me za a kira abin auna iska? Gobe za a kai bugu

Malama, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina fassara takardar da za a karanta wa kwamitin wani ƙauye da ke gaba da Shika ranar Asabar, kuma gobe da safe za a kai ta bugu a Sabon Gari. Ana so a kafa dogon ƙarfe a filin gari, a ɗora masa animomita, abin nan mai kofuna 3 da iska ke juyawa, a yi shekara guda cur ana rubuta abin da ya nuna kafin a sayi farfelar da iska ke juyawa ta ba da lantarki. Me zan kira shi? Na biyu, takardar ta lissafa iskar wuri cikin dukiyar gari, kamar ruwa da ma'adinai. In ce arzikin iska?

Ɗan Samaru:
Ma'aunin iska, kamar ma'aunin zafi. Magana ta ƙare.

Bakanike, Kwangila:
Ba ta ƙare ba. Ma'aunin iska yana hannun mai faci, shi yake ɗora wa bakin taya. In aka karanta haka a ƙofar gidan dagaci, kowa taya zai tuna. A sa ma'aunin ƙarfin iska.

Injiniya, Palladan:
Malama, don Allah kada ki sa ƙarfi. Gudu abin yake aunawa, mita nawa iska ke ci a daƙiƙa guda. Ƙarfin daga baya ake lissafa shi, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. In gudun ya ninka sau 2, ƙarfin sau 8 yake ninkawa. Wurin da iska ke gudun mita 6 bai fi na mita 3 da ninki biyu ba, ya fi shi da ninki takwas. Yawancin farfelolin nan ma ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai wajen mita 3. Shi ya sa ake shekara: hunturu na busowa daga arewa maso gabas, iskar damina daga kudu maso yamma, a tsakani akwai ranakun da ganye ko motsi ba ya yi. Wanda ya auna a Janairu kaɗai zai sa mutane su sayar da hatsinsu su sayi ƙarfen da zai tsaya cik. Kuma ki duba tsayin da aka rubuta. Tashoshin yanayi a mita 10 suke aunawa, ita kuwa farfela ta fi haka tsayi, iskar sama kuma ta fi gudu. Ma'aunin gudun iska.

Baba, Birnin Zariya:
Kalma uku don abu ɗaya? Wannan bayani ne, ba suna ba. Muna da mabuɗi, madubi, matsefi. Sai mu ce ma'iski. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina haka tun ina aji.

Ɗan Samaru:
Allah gafarta Malam, mabuɗi daga buɗe ya fito, madubi daga duba. Ma'iski kuwa sai dai daga iske, wato a tarar da mutum. Ba shi da haɗi da iska.

Baba, Birnin Zariya:
Yaro, kalma amfani ke raya ta. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka saba wa mutane da kalmomin da kakanninsu ba su taɓa ji ba. Yau kuma mu ne za mu zauna jiran aro?

Bakano a Kongo:
Ranka ya daɗe, a Zariya aka buga, amma ai da Hausar Kano aka rubuta. Ku da kuke cewa mota ne, riga ne, ku fara raba mana: iska ce ko iska ne?

Hajiya, Gyallesu:
Kai ɗan nan, ka zo karatu garinmu kana gyara mana baki? Zazzaganci ba kuskure ba ne, kari ne kamar Sakkwatanci. Kuma ka daina yi wa Baba magana haka.

Bakano a Kongo:
Tuba nake, Hajiya. Amma ma'iski dai ba zai shiga kunnen kowa ba.

Baba, Birnin Zariya:
Jirgin sama ma da farko ai baƙo ne a kunne.

Injiniya, Palladan:
Mun bar Malama a tsaye. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa farfela 37 don ba da wutar lantarki megawat 10, mutanen yankin kuwa da sunan da ya zo bakinsu suke kiran su. Damuwata ɗaya ce: dattijon da zai ba da kuɗinsa ya gane abin da ake aunawa a filinsa. In ya ji gudun iska, zai tambaya gudu nawa, kuma tambayar da ake so ya yi ke nan. Ƙaramin ƙarfen nan mai wutsiya da ke nuna inda ta fito, ki ce masa manunin iska.

Hajiya, Gyallesu:
Na biyun fa, kada ki kuskura ki rubuta arzikin iska. Kin san abin da Bahaushe ke nufi in ya ce aikin iska ko zancen iska. Dariya za a yi, a watse.

Ɗan Samaru:
Albarkatun iska?

Bakanike, Kwangila:
Masu bori za su ɗauka da su ake.

Malama, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Na sa ma'aunin gudun iska da manunin iska. Na biyun na kauce masa, na rubuta "yawan iskar da garin ke samu a shekara". Bai gamsar da ni ba, amma ba zai ɓatar da kowa ba.

Baba, Birnin Zariya:
To, tunda kun taru a kai. Amma 'yata, ki sa ma'iski ko da a ƙasan shafi ne.

Malama, Tudun Wada:
Baba, shafin ya cika. Injiniya, takardar ta ce a riƙa ɗaukar matsakaicin gudu duk minti 10. Haka ne, ko kuskuren bugu ne?

Injiniya, Palladan:
Haka ne, ki bar shi.