Naɗe gwiwar hannu da filasta kafin wasa

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina buga ƙwallon raga da yamma, gwiwar hannuna ta dama tana min zogi ta waje, ko buta na ɗaga sai na ji. Naɗe ta da filasta zai taimaka?

Koci: Zai rage zafin, amma ba magani ba ne. Aske gashin wurin, ka goge gumi, ka ɗan lanƙwasa hannun, ka naɗa kamar yatsu biyu ƙasa da gwiwar. Kada ka ɗaure tamau. In yatsunka suka fara mutuwa, kwance nan take.

Maman Hanifa: Ƙanena, don Allah ka ɗan huta, ka riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma. In wurin ya kumbura, garzaya wurin likitan ƙashi.