Hoton Satan mai zobe, wanne ne na gaskiya?

Sabon shiga: Salam yan uwa, don Allah ina neman hotunan duniyar Saturn masu kyau zan firinta wa yara, a ina zan samu?

Ɗan zolaya: Satan? A'uzubillahi 😂

Dattijon zaure: Zuhal ake ce mata, ka daina tsorata mutane.

Malamar aji: Ƙanina ka bi a hankali, ni nan na sha kunya. Bara na sauke wani hoto a Facebook, Zuhal ƙatuwa tana leƙowa ta bayan duwatsu, zobban nan sai sheƙi, na kai aji ina ta bayani da gadara, wata yarinya ta ɗaga hannu tace Malama to waye ya tsaya a wurin ya ɗauka? Wallahi bakina ya mutu. Ashe zanen kwamfuta ne. Tun ranar in ba a rubuta sunan kumbon da ya ɗauka da shekara ba bana taɓawa. Ka nemi na kumbon Cassini na NASA, daga 2004 har 2017 yana zagaya ta, shekara 13, kafin a cusa shi cikin iskarta ya ƙone. Akwai na 19 ga Yuli 2013, rana na bayan Zuhal zobban sun haskaka, duniyarmu can ƙasa ɗan ɗigo kamar kan allura, wannan yara sun fi minti biyar suna nemanta.

Sabon shiga: Na gode Anti

Mai musu: Duk fenti ne fa, har na NASA ɗin. Shuɗin duniyar Neptune a hoton kumbon Voyager 2 na 1989 ai ƙara masa akayi, a 2024 masana a Oxford suka nuna kalarta ta fi kusa da ta Uranus, fari-fari haka.

Malamar aji: An ƙara kala don a ga gizagizai, daban da ƙirƙirar abin da babu.

Mai musu: To na madubin hangen nesan nan James Webb fa?

Dattijon zaure: Shi ai hasken da idonka baya gani yake kamawa, dole a sa masa kala. Da shi aka ga zobban Neptune tar a 2022. In kana zargi je shafin JunoCam, kyamarar kumbon Juno, ɗanyen hoton Jupiter na nan a zube, ka gyara da hannunka mu gani.

Ɗan zolaya: Wanda ko hoton fuskarsa sai ya sa filta

Mai musu: Kai yaro bana wasa da kai

Wata ƴar uwa: Ni dai hoton Pluto na kumbon New Horizons, 2015, mai siffar zuciyar nan a jikinta ❤️

Ɗan zolaya: An kore ta daga sahun duniyoyi tun 2006 amma har yanzu zuciyarta fes

Mai musu: Wannan korar ma zalunci ce, ku bari in dawo daga aiki

Sabon shiga: Anti Cassini ɗin da s biyu ne?