Muhawara: hoton Yekini a cikin raga ya cancanci bangon kalanda?

Shugaban kwamiti: Salamu alaikum. Kalandar tarihin wasannin Najeriya da za mu raba wa makarantun sakandare ta kusa kammala, bango ne ya rage. Yawancinmu mun zaɓi hoton Rashidi Yekini yana riƙe da raga a 1994. Amma mai hotonmu ya ce hoton murna ba hoton wasa ba ne, wai dole a ga aikin da kansa. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa kafin mu je madaba'a.

Mai hoto: Wa alaikumus salam, Yallabai. Ina nan a kan bakana. Ɗan wasa yana gudu, ƙwallo tana iska, gola ya yi tsalle, cikin ƙiftawar ido komai ya wuce. Wanda ya tsayar da wannan lokacin shi ne ya yi aiki. Sai ka saita kyamara a kan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ka riga ɗan wasan sanin inda zai sa ƙafa. Murna kuwa bayan an gama take zuwa, kowa yana da lokacin ɗaukarta. Ni da za a bi tawa, Ahmed Musa za mu sa yana dukan ƙwallon farko da ya ci Iceland a Rasha a 2018.

Tsohon ɗan ƙwallo: Ƙanena, ka san kyamara, amma ka saurare ni. Ranar 21 ga Yuni 1994 a Dallas, Najeriya ba ta taɓa buga wasa a gasar cin kofin duniya ba sai ran nan. Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta cikin ragar Bulgeriya daga dab da bakin gida. In ka tsayar da wannan bugun a hoto, me za ka gani? Mutum yana taɓa ƙwallo kusa da raga, irin wanda ake yi kullum a filin unguwa. Abin da ya biyo baya ne babu irinsa. Ya bi ƙwallon har ciki, ya cusa hannayensa ta ramukan ragar, ya damƙe, yana jijjigawa, baki buɗe, ido kamar zai yi kuka. An tashi 3-0, Amokachi da Amunike sun ƙara, amma wa ke tuna hoton ƙwallayensu?

Malamar tarihi: Ina bayan Baba. Ku duba hoton dambe da ya fi kowanne suna a duniya: Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston a 1965, wanda Neil Leifer ya ɗauka a garin Lewiston na Amurka. Babu naushi a cikinsa. Liston ya riga ya faɗi a turmin farko, Ali yana masa tsawa ya tashi. Naushin da ya kayar da shi ma har yau ana gardama a kansa, don mutane da yawa a wurin ba su gan shi ba.

Mai hoto: Malama, wannan hoton bai goyi bayanki duka ba. Dubi damtsen Ali a lanƙwashe, dubi jijiyoyin wuyansa. Faɗan bai bar jikinsa ba tukuna. Haka na Usain Bolt a Rio a 2016, yana waiwaye yana murmushi a wasan kusa da na ƙarshe na mita 100. Ana cikin tseren aka ɗauka. Mai hoton ya bi shi da kyamara, ƙafafu suka yi dishi-dishi, fuska ta fito tar. Irin wannan nake nufi, fuska da aiki a wuri guda.

Malamar tarihi: To ka sauko ke nan daga inda ka fara, don yanzu ka yarda fuska tana da muhimmanci. Kuma ɗalibai muke yi wa. Yarinyar da za ta ga Tobi Amusan tana hawaye a kan dakalin karɓar lamba a 2022, bayan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge, za ta tambaya me ya sa ta kuka. Daga wannan tambayar darasin zai fara. Ina ma roƙon kada a bar Chioma Ajunwa a baya, tsallenta na mita 7.12 a Atlanta a 1996 shi ya ba mu zinaren farko na mutum ɗaya a Olamfik.

Mai hoto: Na yarda da fuska, ban yarda a ce aiki ba komai ba ne. Ajunwa ɗin ma tana iska nake so a sa ta, ba tana riƙe da tuta ba.

Ma'aji: Ku yi haƙuri in shigo da maganar kuɗi. Kwafin hoton Yekini da ke hannunmu daga Facebook aka sauke shi, ƙarami ne ƙwarai. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 kaɗai yana buƙatar kusan ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. In aka ja wannan ya cika bango, fuskar da kuke yabo za ta watse. Sannan hotunan nan suna da masu su, kamfanoni irin su Getty da AFP suna sayar da izinin bugawa. Ba za mu sa sunan ƙungiya a kan abin da ba mu nemi izini ba.

Tsohon ɗan ƙwallo: A nemi farashin. In ya fi ƙarfin asusu, ni zan cika. Yekinin nan a Kaduna aka haife shi, ya ci wa ƙasa ƙwallo 37, ya rasu a 2012, yaran yanzu da yawa ba su san kamanninsa ba.

Shugaban kwamiti: Allah ya saka, Baba. Ma'aji, ka tura takardar neman izini gobe, ka tambayi babban kwafi. Mai hoto, watan Yuni naka ne, ka kawo na Ahmed Musa, ka kuma nemo na Ajunwa tana iska don watan Agusta. In amsa ba ta zo ba kafin Juma'a, sai mu sake zama a kan bangon.