An rantsar da ni aikin sa kai, Hajiya kuma ta ce ba inda za ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, a ɓoye sunana. Ni 'yar Unguwar Rimi ce, na samu shiga shirin matasa 'yan sa kai na Tarayyar Afirka, aka kai mu horo ƙasar waje, ranar rufewa muka miƙe muka ɗaga hannu aka rantsar da mu kan za mu yi aikin shekara ɗaya a ƙasar da aka tura mu. Wallahi da izinin Baba na tafi, shi ma ya biya min kuɗin fasfo. To na dawo ina jiran takardar turawa ko akwati ban kwance ba sai Kawu ya zo gaisuwa, wai ina aka taɓa ganin 'ya mace ba aure ta shekara a wata uwa duniya, tun ranar Hajiya ko zancen ba ta son ji. In na fasa akwai kaffara a kaina?

Wani daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ki tuna lafazin da aka karanta muku. In da sunan Allah kika rantse kika karya, hukuncin na cikin Ma'ida aya ta 89, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, in ba hali azumin kwana 3. In alkawari ne kawai ba kaffara, amma fa alkawari kaya ne.

Wata daga Barnawa: Ƙanwata bar zancen kaffara tukuna, Hajiya tsoro ne ya kama ta. Kar ki ja da Kawu ko kaɗan, ki nemo wadda Hajiya ke jin maganarta ki baje musu takardunki, masauki, alawus, wa za a kira in wani abu ya taso. A Abuja aka ƙaddamar da shirin nan a 2010, ba irin na 'yan damfarar Facebook ba ne.

Wani daga Kawo: Yayanmu ya je ta TAC, shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru aikin sa kai ƙasashen waje da aka kafa tun 1987, su shekara 2 ma suke yi kuma lafiya lau ya dawo. Sai dai shi magidanci ne, gaskiya ba ɗaya ba.

Wata daga Rigasa: Ni dai in uwa ta ce a'a to magana ta ƙare. Amma in za ki fasa ki rubuta musu da wuri a ba wani gurbin, ba ki kashe waya ki yi shiru ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Da Turanci aka karanta mana, bari in lalubo takardar. Gwaggonmu ta Malali za ta shigo ranar Juma'a, ita kam Hajiya ba ta tsallake maganarta.